Bitamin ta baki, allura a likita

Jawabi ga iyaye mata da rele na garuruwan Tanut da Belbeji

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku rele masu zagayawa gida-gida a garuruwa da rugagen Damargu, ina gaishe ku da aiki, ina kuma gode muku da kuka bar daka da ɗibar ruwa kuka zo saurare.

Maganarmu ta yau a kan allurar bitamin ce, wadda ake kira pikirin ƙarin jini ko pikirin ƙarfi. Tambaya ce da ake yawan kawo wa rele. Mace tana fama da kasala da jiri, ko yaronta ya rame ba ya cin abinci, likita kuma tana da nisa. Shin ba za ta iya sayen kwalbar bitamin a kasuwa ta yi wa kanta ba, ko ta sa wani mai hannu ya yi mata a gida? Tambayar tana da dalili. Wanda yake zaune a Tenhiya ko cikin Tarka ya san wahalar hanya, ya san kuɗin kabu-kabu, ya san abin da wuni guda a layin likita yake ci wa mai gona a tsakiyar damina. Saboda haka ba zan ce muku "kada ku yi" kawai in yi shiru ba. Zan faɗa muku dalili, sannan in faɗa muku abin da za ku iya yi da hannunku a gida, wanda ya fi wannan allura amfani.

Amsar a taƙaice ita ce: ƙarancin abubuwan gina jiki da ke damun mata da yara a ƙasarmu, ta baki ake maganinsa. Inda allura ta zama dole, ma'aikacin lafiya ne zai yanke hukunci, shi ne kuma zai yi ta.

Abin da ke cikin kwalbar

Mutane da yawa suna ganin allura ta fi ƙwaya ƙarfi, tunda tana da zafi kuma tana shiga jiki kai tsaye. A wasu cututtuka haka ne: yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, yana amai ko yana suma, allura ce ke ceton ransa a likita. Amma ƙarancin bitamin ba ciwon gaggawa irin wannan ba ne. A hankali yake shigowa, cikin makonni da watanni, a hankali kuma yake fita, kuma hanjin ɗan Adam an halicce shi domin ya tsotse waɗannan abubuwa daga abinci kowace rana.

Kwalbar da aka fi sayarwa iri biyu ce. Akwai mai ruwan ɗorawa, wato haɗin bitamin B. Jiki ba ya ajiye yawancin abin da ke cikinta. Yakan ɗauki ɗan abin da yake bukata, sauran ya fita cikin fitsari. Idan kin ga fitsari ya yi ɗorawa shar bayan an yi ta, bitamin B2 ne yake fita, wato kuɗinki ne yake zuba a ƙasa. Akwai kuma ja, wato B12. Launinta ya sa ake ce mata ƙarin jini, alhali babu jini a cikinta, babu kuma sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ne ya fi jawo ƙarancin jini ga matanmu. Macen da jikinta ke bukatar ƙarfe, ko an yi mata wannan jar allura sau goma, jininta ba zai ƙaru ba.

Wannan kuma idan abin da aka rubuta a jikin kwalbar shi ne a cikinta. Maganin da ya wuni a kan tebur cikin ranar kasuwa a watan Afrilu, ko ya yi yawo cikin jaka daga wannan kasuwa zuwa waccan, zafi da haske sun lalata shi. Wani ya wuce wa'adinsa, wani kuma na jabu ne tun asali. Har ila yau ana sayar da ƙwayoyin sa ƙiba da sunan bitamin. Waɗannan kumbura fuska suke yi, su raunana garkuwar jiki, suna iya tayar da hawan jini da ciwon suga. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Ƙarancin da ya fi damun mu, da maganin kowane

Na farko, bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, inda yaro ko mai ciki ba sa gani da kyau da almuru, kuma shi ke sa ƙyanda da zawo su yi wa yaro mummunan kamu. Maganinsa ɗan ƙoƙon mai ne da ake yanke wa baki a ɗiga wa yaro a harshe: shuɗi ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja ga ɗan wata 12 zuwa 59, sau ɗaya kowane wata 6. Hanta tana ajiye shi, shi ya sa ɗigo guda yake kai wata shida. Nijar ta fara haɗa rabonsa da kwanakin rigakafin shan-inna tun 1997. Amma da yake jiki yana tara shi, yawansa guba ne. Mai ciki kada ta sha jan ƙoƙon nan, domin yana iya nakasa abin da ke cikinta.

Na biyu, sinadarin ƙarfe. Alamomin rashinsa su ne kasala, jiri, haki bayan ɗan aiki, farin ido da farin tafin hannu, wani lokaci da kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa. Maganinsa ita ce ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki, wadda ma'aikata ke kira fer: ƙwaya ɗaya kowace rana tun daga awo na farko, a ci gaba har wata 3 bayan haihuwa. Tana baƙanta bayan gida, wannan ba illa ba ce. Idan tana tayar miki da zuciya, ki sha ta da dare bayan tuwo. Kada ki bi ta da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfe. Ki bar tazara ta awa ɗaya ko biyu. Ki ɓoye ta inda hannun yara ba ya kai, saboda yaron da ya haɗiye ƙwayoyi da yawa yana cikin haɗari babba.

Na uku, zink, wanda ake ba yaro mai zawo tare da ruwan gishiri da sukari na fakiti, kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Na huɗu, sinadarin yod, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo ya kuma rage basirar yaro tun yana ciki. Maganinsa gishirin da aka sa wa sinadarin, a ajiye shi a rufe, nesa da murhu.

Ku lura, duka huɗun ta baki suke shiga. Ku lura kuma cewa ƙarancin jini ba abinci kaɗai ke kawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki tana shan sa, haihuwa kusa da kusa tana ƙarar da shi, akwai kuma amosanin jini da ake gado. Wanda ya yi allurar bitamin a gida bai san wanne ne daga cikinsu yake damun sa ba. Babbar asarar da yake yi ita ce ta lokaci: mako biyu yana jiran allura ta yi aiki, ciwon gaskiya yana ci gaba da cin sa.

Abin da allurar gida ke jawowa

Akwai wata babbar jijiya da ke fitowa daga ƙugu, ta ratsa ɗuwawu, ta gangara har tafin ƙafa. Ita ke motsa ƙafa. Idan tsinin allura ya taɓa ta, ko magani ya taru a gefenta, ƙafar na iya mutuwa, yaro ya riƙa jan ta, wani lokaci har iyakar rayuwarsa. An ga wannan sosai a ƙasarmu a zamanin da ake yi wa yara allurar kinin a ɗuwawu, har ta kai a shekarun 1990 likitoci a Yamai suka gwada ba yara kinin ta dubura domin a kauce wa allura. Yaro mai tamowa ya fi kowa shiga wannan haɗari, tunda naman da zai kare jijiyar ya zube. Shi ya sa kuke ganin ma'aikata suna yi wa jarirai rigakafi a cinya.

Na biyu shi ne ƙurji. Hannu marar tsabta, ko fatar da ba a goge ba, ko tsinin da ya taɓa tabarma, suna tura ƙwayoyin cuta cikin nama. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, sai an tsaga. Ta wannan ƙofa tetanos ma yake shiga, ciwon da ke sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora.

Na uku, cututtukan da ke bin jini: ciwon hanta iri B da iri C, da sida. Ƙwayar ciwon hanta B tana iya kwana 7 da ranta a cikin busasshen jinin da ido ba ya gani. Ɗauraye sirinji da ruwan zafi ba ya kashe ta, sake tsini a bar tsohon sirinji ma bai isa ba. Ƙasar Masar ta ɗanɗana wannan. Daga shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980 an yi wa miliyoyin mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilas da ake maimaitawa ba tare da cikakkiyar tafasawa ba. Da aka yi binciken ƙasa a 2008, sai aka tarar kusan mutum 1 cikin 10 na masu shekara 15 zuwa 59 yana ɗauke da ciwon hanta C. Niyyar magani aka yi, ma'aikata ne kuma suka yi, amma ga abin da sirinji ɗaya ga mutane da yawa ya haifar.

Na huɗu ba ya yawan faruwa, amma shi ya fi saurin kisa. Wani jikin ba ya karɓar maganin, musamman bitamin B1 da allurar ƙarfe. Cikin ƴan mintoci fuska ta kumbura, numfashi ya toshe, mutum ya faɗi. A likita akwai maganin da ake tayar da shi nan take. A cikin ɗaki, a garin da ke nesa da hanya, babu abin da za a yi sai kallo.

Inda allura take wajaba

Ba cewa nake allurar bitamin ba ta da wuri ba. Tana da shi, a wurare ƙalilan.

Akwai bitamin K, da ake yi wa jariri a cinya ranar da aka haife shi. Jariri yana zuwa duniya da ƙarancinsa, kuma shi ne ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Wannan allura guda tana kare shi daga zubar jini ta cibiya, ta hanji ko cikin ƙwaƙwalwa. Yana cikin dalilan da suka sa muke roƙon a haihu a likita, wadda ta haihu a gida kuma a kai jaririn a ranar. Muna kuma roƙon iyaye kada a cire wa jariri beli, kada a yi masa tsaga, domin jininsa kaɗan ne, zubarsa ba ta da wuyar kai shi ga halaka.

Akwai kuma B12 ga wanda aka tabbatar yana da rashinsa. Ana samun B12 a nono, cuku, nama, hanta, ƙwai da kifi. Babu shi a hatsi ko ganye. Hanta tana ajiye na shekaru, saboda haka rashinsa ba ya bayyana da wuri. Idan ya bayyana, yakan zo da ƙarancin jini, tafin ƙafa da na hannu suna yi kamar ana tsira ƙaya, harshe ya yi santsi yana zafi, tafiya ta zama da tangaɗi. Jaririn da ke shan nonon uwa mai wannan rashi yakan yi lagwas, ya yi jinkirin zama da rarrafe. Idan rashin cin abin dabba ne ya jawo, abinci da ƙwaya suna gyarawa. Amma akwai wasu mutane, galibi manya, waɗanda cikinsu ba ya iya tsotsar B12 daga abinci. Su ne ake yi wa allura, a jere da farko, daga baya bayan kowane wata ɗaya zuwa uku, har tsawon rai. Awon jini ne yake bambanta waɗannan biyu, ido ba ya iyawa.

Mace mai cikin da jininta ya yi ƙasa ƙwarai, wato awo ya nuna ƙasa da 7 alhali ana son 11 ko fiye, ba bitamin take bukata ba. Asibitin gunduma take bukata, ko Damagaram, inda ake iya sa mata jini na gaske.

Wata za ta ce, to ai masu ciwon suga suna yi wa kansu allura a gida. Gaskiya ne. Amma likita ne ya auna su ya rubuta adadin, ma'aikaci ya koya musu hannu da hannu, tsinin gajere ne, a ƙarƙashin fata yake tsayawa, kuma suna komawa a duba su. Wannan daban yake da sayen kwalba a kan tebur a soka doguwar allura cikin nama.

Idan an rubuta miki allura

Ki sayi maganin a farmasi ko ma'ajiyar magani ta likita, da takardar da aka rubuta miki. Ki duba wa'adinsa, ko ki sa rele ya duba. Ki ajiye kwalbar cikin kwalinta, a inuwa mai sanyi. Ki kai ta CSI ko ƙaramar likitar da ta fi kusa da ke, ma'aikaci ya yi miki. Hakkinki ne ki ga an yage ledar sabon sirinji a gabanki, ki ga an wanke hannu an goge fata, ki ga an jefa tsinin cikin kwalin tsaro bayan an gama. Tambayar wannan ba rashin kunya ba ne, ma'aikacin kirki ba zai ji haushi ba. Bayan allurar ki zauna kamar rabin awa kafin ki kama hanya. A rubuta ranar a katinki, da ranar da za ki dawo. Idan nisa ne matsalar, ki faɗa wa majo tun farko, a duba ko za a haɗa miki da ranar kasuwa ko ranar da ma'aikata ke fita garuruwa yin rigakafi.

Idan an riga an yi wa wani allura a gida, kada tsoron faɗa ya sa a ɓoye. A kai shi likita a ranar idan wurin ya kumbura ya yi zafi, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ta yi nauyi, ko ido ya yi ɗorawa. A tafi da kwalbar, domin ma'aikaci ya san abin da ya shiga jikin.

Abin da ke hannunki a gida

Aikin da uwa za ta yi a gida yana da yawa, kuma babu tsini a cikinsa. Nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da abinci. Kunun yaro ya yi kauri, a sa masa garin wake ko ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, da ɗan mai, domin bitamin A sai da mai yake shiga jiki. Zogala, yaɗiya, tafasa, rama da kuka a shanya su a inuwa lokacin da suke da yawa, a ajiye domin rani. Kabewa, karas da mangwaro idan lokacinsu ya zo. Hanta ko ƴar kaɗan ce, sau ɗaya a mako, ta fi kwalbar bitamin da za ki saya. Haka ƙwai, nono da fara. Ɗan lemun tsami, tumatir ko garin ƴaƴan kuka tare da abinci suna taimaka wa jiki ya tsotse ƙarfen da ke cikin hatsi da wake. Kuɗin da za a ba mai tebur, a kai shi ga mahauci ko mai nono.

Sannan ga igiyar awon dantse. A nan jihar Damagaram, a gundumar Mirriya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka nuna a farkon shekarun 2010 cewa uwa tana iya auna ɗanta da kyau, har ma takan gano tamowa da wuri, tunda kullum tana tare da shi. Yau ana koyi da wannan a ƙasashe da dama. Ki auna tsakiyar dantsen yaro mai wata 6 zuwa 59 kowane mako, musamman tsakanin shuka da girbi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kore lafiya. Ɗorawa, a kai shi a duba. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a tafi a ranar. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa ki ƙirga uku. Idan rami ya zauna, kumburin tamowa ne, shi ma a ranar za a tafi.

Yaron da aka sa cikin shirin CRENAS, fakitin Plumpy'Nut da ake ba shi yana ɗauke da dukan bitamin da sinadaran da yake bukata, a kan ma'auni. Kada a ƙara masa allura ko ruwan bitamin na kasuwa, kada a raba fakitin da ƴan uwansa, kada a sayar. Magani ne, nasa ne shi kaɗai. Wanda ya ƙi ci, ko yana amai, ko jikinsa ya saki, CRENI za a kai shi a kwantar. Ku tuna tun 2006 dokar ƙasa ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne a likitocin gwamnati.

Gare ku rele

Ku ne ake fara tambaya kafin a je ko'ina, kalmarku tana da nauyi. Allura ba ta cikin aikinku, ko an roƙe ku, ko an kawo kwalbar da sirinjin sabo. Idan uwa ta zo da wannan bukata, kada ku kunyata ta a gaban mutane. Kula da ɗanta ne ya kawo ta. Ku tambaye ta abin da take gani, ku duba ido da tafin hannu, ku auna dantse, ku danna ƙafa, ku rubuta takardar turawa, bayan kwana biyu ku leƙa ku ji ko an je. Ku yi magana da maigida da kakar yaro, domin sau da yawa su ke yanke shawara, su ke riƙe da kuɗin hanya. Ku sanar da mai gari da liman ranar rabon bitamin A da maganin tsutsa, a yi shela bayan sallah. Rugagen makiyaya da ke sauka kusa da ku, ku kai musu labari kafin su tashi. Idan kun ga yara biyu ko uku a gari ɗaya da ƙurjin allura ko mataccen ƙafa, ku sanar da majo na CSI ba tare da jinkiri ba. Tsohon tsinin da kuka tsinta a bola, kada ku taɓa shi da hannu. Ku ɗauke shi da wani abu ku sa a gwangwani mai murfi, ku kai likita.

Iyayena mata, wadda take da kwalbar bitamin ko sirinji a ɗakinta yanzu, ta kawo wa rele ko ta kai likita, babu wanda zai yi mata faɗa. Wadda ke da ciki ba ta fara awo ba, ta fara a wannan mako. Wadda ba ta da igiyar awon dantse, ta tsaya bayan an tashi a ba ta, a kuma nuna mata yadda ake aunawa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.